Alƙalamin aro amana ne

 

  Karatunmu na daren yau a kan aro yake, abin da malaman fiƙihu ke kira ariya. Zan fara da labarin wani alƙalami, domin Allah da kanSa Ya rantse da alƙalami a farkon Suratul Ƙalam, kuma abin da Allah Ya rantse da shi bai kamata a raina shi ba.

Mu da muka tashi a makarantar allo, alƙalaminmu na kara ne. Kai za ka feƙe abinka da wuƙa, ka tsaga bakinsa daidai da hannunka, ka dama tawadarka da gawayi da ƙaro, ka zuba a kurtu. Tun muna yara mun san almajiri ba ya son a taɓa masa alƙalami, domin kowane hannu da nauyinsa. In wani ya rubuta da naka, sai ka tarar bakin ya canza. Amma na kara in ya lalace, hasarar kaɗan ce, a sake feƙe wani.

Shekarar da Allah Ya nufe ni da sauke farali, na sayo wani alƙalami a Madina, irin na ƙarfe mai shan tawada a cikinsa. Ya ci mini kuɗi, kuma ina ƙaunarsa saboda garin da ya fito. Da shi nake rubuta wasiƙu da lissafin rabon gado. Wata rana aka kira ni ɗaurin aure a wani ƙauye. Wani bawan Allah, mutumin kirki da muka daɗe tare, ya ce: "Malam, ara mini alƙalaminka in rubuta sadaki da sunayen shaidu." Na miƙa masa ban ce komai ba. Taro ya watse, alƙalami bai dawo ba. Bayan kwana uku sai ga yaro ya kawo mini shi. Na buɗe, na ga bakin ya wage, domin wanda ya saba da bik yana danna shi da ƙarfi, wannan kuwa ba ya son danni. Da tawadarsa ta ƙare kuma, sai wani ya ɗura masa tawadar allo, ƙaro ya bushe a ciki ya toshe hanya. Bai sake rubutu ba har yau.

Jama'a, ku ji abin da ya fi hasarar alƙalamin muni. Mutumin bai zo ya ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba. Na haɗiye abin, ya zauna mini a rai. Kusan shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki ba. Na kuma rufe ƙofar aro gaba ɗaya, har ɗalibi ya zo neman littafi in ce masa ban san inda na ajiye ba. Allah Ya gafarta mini. Laifin mutum ɗaya na ɗora wa mutum hamsin.

Abin da ya farkar da ni shi ne karantar da Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani. Da muka iso inda ake maganar aro da ajiya, ina fassara wa ɗalibai, sai na ji kamar da ni ake. Bari in kawo muku hukuncin a taƙaice, bisa mazhabar Imamu Malik.

Da farko a rarrabe abu uku da mutane ke cakuɗawa. Bashi, ka karɓi mudun hatsi ka ci, ka mayar da wani mudu irinsa. Ajiya, an ba ka abu ka tsare, ba ka da izinin amfani da shi. Aro kuwa, an ba ka amfanin abu kyauta zuwa wani lokaci, abin yana nan na mai shi, kuma shi ɗin za ka mayar.

Bayar da aro aikin lada ne. A Suratul Ma'un, Allah Ya haɗa masu hana ɗan abin taimako da masu wasa da salla da masu riya. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa a zamanin Manzo suna ɗaukar wannan a kan aron guga da tukunya. Mu mutanen Dakoro ba sai an yi mana bayanin guga ba. Mun san zurfin rijiyoyinmu, mun san halin wanda ya iso bakin rijiya da dabbobi ba shi da igiya. Ku dubi kuma ƴan'uwanmu Fulani da al'adarsu ta haɓɓanaye: mai shanu ya ba wanda ya rasa aron saniya, ya sha nononta, ta haifa masa, sannan ya mayar da uwar. Gidaje nawa wannan ya tayar bayan fari?

Amma wanda ya ara ya ɗauki nauyi. Malamanmu sun raba kayan aro gida biyu. Akwai abin da ake iya ɓoyewa, kamar riga da littafi da kayan ado da alƙalami. In ka ara ka ce ya ɓata, za ka biya, sai fa in ka kawo shaidun da suka tabbatar ya halaka ba da sakacinka ba. Akwai kuma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar jaki ko raƙumi. In ya mutu a hannunka ba ka biya, sai in ka wuce iyaka, kamar ka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, ko ka ara zuwa Kornaka ka zarce da shi Maradi. Abin da ya ragu ta hanyar aikin da aka saba ba ya kanka. Amma wanda ya ari gatari don itace ya je ya sari dutse, wannan ya yi ta'addi, ramuwa ta hau shi.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi aro da kansa. A shekara ta 8 bayan hijira, da zai fita yaƙin Hunaini, ya ari sulkuna daga Safwanu ɗan Umayya, alhali Safwanu bai musulunta ba tukuna. Safwanu ya tambaya ko ƙwace ne, Manzo ya tabbatar masa aro ne mai lamuni. Da wasu suka ɓata, Manzo ne ya fara ta da maganar biya, Safwanu ya yafe domin zuciyarsa ta riga ta karkata ga Musulunci. Ku lura da tsarin: an faɗi sharaɗi tun kafin a karɓa, kuma wanda ya ara bai jira an bi shi ba.

Da na auna kaina da wannan, sai na ga nawa rabon laifin. Na san alƙalamina ba irin wanda kowa ya iya riƙewa ba ne, amma ban ce masa kada ya danna ba, ban ce kada ya ba wani ba, ban ce ya dawo mini da shi kafin a tashi ba. Da ma cewa na yi: kawo in rubuta maka da hannuna, da buƙatarsa ta biya, kayana ya tsira. Kunyar kalma ɗaya ta jawo gabar shekara biyu, alhali an hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Na tashi na same shi har gida. Ya ce: "Wallahi Malam, tun ranar kunya ta hana ni haɗa ido da kai." Ya kawo kuɗi, na ce na yafe. Ashe mu biyu muna ɗauke da kaya ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara saukewa.

To, ga nasihata. Kai mai kaya, abin da rayuwar maƙwabci ke buƙata, guga ko galma ko amalanke ko turmi, kada ka hana in kana da hali. Abin da yake da tsada ko wuyar sarrafawa, wanda ka san zuciyarka ba za ta jure hasararsa ba, ba laifi ka riƙe shi, ka faɗi gaskiya da lafazi mai daɗi, ka nemi wata hanyar taimako. Kada ka yi ƙarya irin wadda na yi. In kuwa ka yarda za ka bayar, faɗi lokaci, faɗi yadda ake aiki da shi, faɗi ko ka yarda a ba wani. In ka yanka lokaci kuma, kada ka karɓe kafin ya cika.

Kai mai aro, Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Riƙe kayan mutane fiye da yadda kake riƙe naka. Mayar da ƙafarka, kada ka aiki yaro. In ya lalace, kai za ka fara faɗa. Allah Ya yi umarni a Suratun Nisa'i a mayar da amana ga masu ita, bai ware ƙarama ba.

Ɗalibai, da ku nake musamman. Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya ba da labarin malaminsa Muhammadu Bagayogo, fiye da shekara 400 da suka wuce, cewa yakan ba da aron littattafansa mafi tsada ga ɗalibi ko bai san shi ba, don neman yardar Allah. Wannan hali na manya ne. Amma duk ɗalibin da ya riƙe littafin malami, ko ya mayar da shi warƙa ɗaya ta ɓata, ya taimaka wajen kashe irin wannan hali, ya rufe ƙofa ga na bayansa.

Kafin mu kai goman ƙarshe, kowa ya duba ɗakinsa da gafakarsa. In akwai littafin wani, ko kwanon wata, ko hauyar maƙwabci tun damana, a mayar gobe da safe, a nemi afuwa. Wanda aka kawo wa kuma ya karɓa da fuska a sake.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya ba mu damana mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.