GAGGAFAR RUMAWA DA TUTOCINSU

Yau maganarmu a kan tutocin yaƙi na Rumawan dā ce.

In an gwabza a fagen fama, ƙura ta turnuƙe, ba mai jin muryar shugaba. Sai soja ya ɗaga kai ya nemi tuta. Inda ta nufa ya nufa, inda ta tsaya ya tsaya. In ta faɗi, jama'a ta watse.

Tutocinsu iri-iri ne. Ƙaramar ƙungiya, ta mutum wajen 80, tana da mashi mai jeren faya-fayan ƙarfe. Mai ɗaukarsa shi ne ma'ajin kuɗin sojojin, don haka sai amintacce ake bai wa. Mahayan dawaki suna da ƙyalle mai kusurwa huɗu rataye bisa sanda. Babbar runduna kuwa, ta mutum wajen 5.000, gaggafa ce alamarta, ta azurfa ko ta zinariya, bisa dogon sanda. Dā har da siffar kyarkeci da ta doki suke ɗauka, sai a shekara ta 104 kamin haihuwar Annabi Isa jarumi Mariyus ya ajiye su, ya bar gaggafa kaɗai.

To, ku ji darajarta. A shekara ta 53 kamin haihuwar Annabi Isa, Fartiyawa masu mulkin Farisa suka murƙushe Karasus a Karai, suka kwashe tutocinsa. Shekara 33 Rumawa ba su mance ba. Sai a shekara ta 20 Agustus ya karɓo su ta hanyar sulhu, aka buga kuɗi don tunawa.

A shekara ta 9 bayan haihuwar Annabi Isa, ƙabilun Jamus suka yi wa Farus kwanton ɓauna cikin kurmin Tutobur. Runduna uku suka halaka, gaggafa uku suka tafi. Aka ƙwato ɗaya a shekara ta 15, ɗaya a 16, ta ƙarshe sai a 41. Lambobin rundunonin nan, 17, 18 da 19, ba a sake bai wa wata runduna su ba.

Mu lura, ƴan'uwa. Waɗanda aka ƙwace wa tutocin sun daɗe a ƙasa, amma ƴaƴansu suka ɗauki abin bashi ne a wuyansu, ba su huta ba sai da suka biya.