Ƙurar da yaranmu ke kwana da ita

Yau hirar tamu a kan ƙura ce. E, na sani, mutumin Kura zai yi maganar ƙura, ku yi dariyarku ku gama, amma maganar ba ta wasa ba ce.

Bara da hunturu 'yata ƙarama ta kama tari. Da rana ras take, dare na yi sai numfashinta ya dinga fito kamar usur. Muka ce mura ce. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambaye ni, “Malam, me da me ke cikin ɗakin da take kwana?” Wallahi sai kunya ta kama ni. Buhunan shinkafa shanshera ne jibge a lungu, ga tankin feshi da ragowar magani a ƙarƙashin gado, ga igiyar leƙo da muke kunnawa kullum, taga kuma a toshe saboda sanyi.

To, ku duba inda muke. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya shigo Kadawa da Kura da Bunkure, noma ba ya tsayawa, rani da damina. Alhamdu lillahi. Amma girbin shinkafar damina yana haɗuwa ne da shigowar hunturu. Hazon nan, yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, daga wajen Nuwamba har Maris. Wannan ba mu da iko da shi. Sai kuma namu: buntun da injinan casa ke fesowa, karan da ake ƙonawa a gona, da hayaƙin itacen da iyayenmu mata ke turara shinkafa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2. Mafi haɗari ita ce ƙurar da ido ba ya gani, don ita ke wucewa har cikin huhu.

A Turai da Amurka ana biyan kuɗi a wanke bututun iskar gida. Mu bututunmu taga ce da ragar sauro da fanka.

Ga abin da muka yi. Mun fitar da buhuna da kayan feshi daga ɗakin kwana. Kafin shara ana yayyafa ruwa, kuma sai yara sun fita. Kan fanka da ragar taga, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, ba kaɗewa ba. Gidan sauro ya maye gurbin igiyar leƙo. Kaskon wuta kuwa, don Allah kar a kwana da shi ƙofa a rufe, haka janareta kar ya zauna bakin taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Yanzu yarinyar na barcinta lafiya. Amma in ka ga yaro na haki, haƙarƙarinsa na shiga ciki, a tafi asibiti nan take.

Yau in ka koma gida, leƙa ƙarƙashin gadon yaranka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu lafiya.