Dagin da Ke Kan Ƙofar Gidanmu

Da safen nan na ratso Rijiyar Lemo zuwa Fagge, ina ƙirga dagi a hanya: ɗaya a jikin ƙyauren ƙarfe, ɗaya a bayan adaidaita sahu, wani kuma a gaban teburin wani tela, yana ɗora shi da zare ruwan zinare a ƙirjin babbar riga. Ku dubi zanen da kyau. Layuka ne da suka shiga nan suka ɓullo can, suka sarƙe da juna, ba a gane inda suka faro.

Kafin ya hau takardun gwamnati, dagi aikin magina ne da masu ɗinki da dukawa. Magini kan tsara shi da hannu a saman ƙofar zaure tun laka tana ɗanya. A zamanin Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa daga 1954 zuwa 1966, aka ɗauke shi alamar Jihar Arewa baki ɗaya.

Ni a ganina babu unguwar da zanen nan ya fi dacewa da ita kamar tamu. A da, Fagge zangon fatake ne, masaukin raƙuman Azbinawa a wajen ganuwar Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta biyo baya, Yarbawa da Ibo suka kafa shaguna. Zare daban-daban, amma ƙulli ɗaya.

Abin da ke damuna, yau tayil da fenti sun shafe fuskokin gidaje, maginan da suka iya tayar da dagi da laka kuwa sun tsufa, yaransu sun koma bulo da siminti.