Amsar Wasiƙunku: Wa Ke Riƙe Da Makullin Ruwa?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Haɗeja. Yana tambaya, shin waɗannan manyan madatsun ruwa da injuna ci gaba suka kawo wa talaka, ko kuwa igiya suka ɗaura masa a wuya?

To malam, tambayarka ta yi ma'ana. Bari mu fara da alherin. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Da ruwan Tiga ne mutanen Kura da Kadawa suke noman rani, suna fitar da tumatir da alkama da shinkafa. Wanda a da yake tafiya cin rani, ga shi yana aiki a gonarsa. Wannan babu mai musu.

Amma ruwan da aka tare a sama, ai na wani ne a ƙasa. Kafin madatsun nan, kowace damina kogi yakan cika ya malale fadamun Haɗeja da Nguru. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, in ruwa ya janye makiyayi ya samu ciyawa. Da aka tare kogin, ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudu kaɗan-kaɗan rani da damina. Irin wannan ruwa kacalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani gari ya bushe, wani ruwa ya kwanta masa. Ɗan kasuwar da ke sarin busasshen kifi shi ma ya ji a jikinsa.

Sai maganar 'yanci. A da manomi sama yake dubawa, ya san lokacin shukarsa. A gonar madatsa kuwa, sai ranar da aka buɗe ruwa daga ofis. Ga taki na saye, ga man injin ban-ruwa na saye, ga irin zamani wanda in ka ajiye ka sake shukawa ba ya yin yabanya kamar ta farko. Gonar taka ce, amma makullin yana hannun wani.

Dattawa ba su manta da Bakolori ba, kusa da Talata Mafara. An gama madatsar a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidaje, manoma suka tashi neman diyya. A 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Saboda haka, malam, inji ba abokin gaba ba ne. Abin dubawa shi ne wa ke juya shi. In an zo muku da sabon aiki, ku tambaya tun kafin a kafa tubali: wa zai riƙa buɗe ruwa? Me zai samu na ƙasa da mu? Nawa ne diyya, kuma yaushe? A rubuta a takarda gaban hakimi. Ku kafa ƙungiya, don murya ɗaya ba ta isa ofis. Kada kuma ku yar da irinku na gado, ku ajiye ko da tiya ɗaya ce a rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya.