Motar da aka taɓa wa ƙwaƙwalwa

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ar samarinmu, sai na zaɓi mota. Na san wani zai ce, me ya haɗa bikin tunawa da kafa ƙungiya da garaji? To ɗan uwa, leƙa tashar Matamaye da safe ka ƙirga abokanmu nawa ke ci daga mota: direba, yaron mota, makanike, dillali, mai sayar da piyes, har ɗan ruwa-ruwa na bakin hanyar Ɗan Barto.

Motar yanzu tana da ƙwaƙwalwa. Wani ɗan akwati ne, shi ke yanke yawan man da za a fesa wa inji, da lokacin fesawa, da ƙarfin iskar da turbo zai tura. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16, wadda aka wajabta a Amurka tun 1996, a Turai kuma a 2001 ga motocin esansi, a 2004 ga masu gazuwal. Nan makanike ke soka na'urar da muke ce wa baliz, ya karanta ciwon mota. Ta nan ɗin kuma ake iya goge lissafin da kamfani ya rubuta, a sa wani.

A Turai yawanci don gudu ake yi. Saurayi ya biya kuɗi a ƙara wa motarsa ƙarfi, ya ji daɗinta shekaru, ya sayar, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Lome, ta iso hannunka ba wanda ya ce maka uffan. Mu kuma a nan dalilinmu daban ne. An ciro abin tace hayaƙi daga cikin salansa an sayar, wanda mutanen Kano ke kira indomi, don akwai ƙarfe mai tsada a cikinsa irin su filatinam. Ko matatar toka ta motar gazuwal ta toshe, sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, sai a fasa ta a zubar. Daga nan fitila ta kunnu a tablo, sai a shiga ƙwaƙwalwa a ce mata ta daina tambaya.

Ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Kamfanin da ya ƙera inji bai matse ƙarfinsa duka ba, da gangan ya bar rara. Ya bar ta ne saboda zafi, da ƙura, da mai maras kyau, da lodi, da direban da ke jinkirta bidanji. Mai ƙara ƙarfi wannan rarar yake cinyewa. A ƙasar sanyi mai hanya sumul, mota na iya jurewa. Amma mu fa? A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, hunturu ya zo da ƙurarsa, man kuma yau na SORAZ ne, gobe na cikin kwalba wanda ba ka san abin da ya sha a hanya ba, ga buhunan gero da wake har sama da kai. Abin da Bature ya ɗauka rara, mu a kansa muke tafiya kullum.

Kawuna ya sayi wata fikof mai gazuwal a hannun wani dillali. Ranar gwaji har murna yake, ya ce tana tashi kamar ingarma. Ba ta yi wata huɗu ba ta fara cin ambirayaji, aka sauya, ta sake ci, ga zafi, ga baƙin hayaƙi in an taka. Ni na raka shi Damagaram, tunda can nake karatu a jami'a. Da aka sa baliz, mai garajin ya ce lissafin da ke ciki ba na kamfani ba ne, ya tambaya ko a mayar da na asali. Kawu ya ce a mayar. Aka mayar, sai motar ta ƙi gudu sam. Ashe matatar tokar ma babu ita, ƙwaƙwalwa ta farka tana neman abin da aka cire, ba ta same shi ba, ta riƙe inji. Kwana uku muka yi, kuɗin ƙwadagon gona ya tafi a nan. Dillalin da muka koma masa cewa ya yi, ai ba ku tambaya ba.

Haka abin yake a garajin wakilin kamfani ma, irin CFAO da ke wakiltar Toyota a Yamai. Yawancinmu ba mu da garanti, gaskiya ne, amma masu tuƙa motocin furoje da na ƴan kasuwa suna da shi, su ji wannan. Ƙwaƙwalwar motoci da yawa tana ƙirga sau nawa aka sake rubuta ta, kuma lissafin kamfani yana da lambar shaidarsa. Ko ka goge kafin ka kai ta, sawu na iya nunawa. In inji ya fashe aka ga an taɓa, kamfani na da hujjar ƙin biya. Sannan in suka sabunta lissafi a lokacin duba mota, abin da ka biya aka sa maka ya tafi. Tafiyar kusan kilomita 900 ke nan a banza. Saboda haka faɗa wa mai gyara gaskiya tun kafin ya soka baliz.

Kada ka ɗauka ƙananan garaji kaɗai ke wannan wasa. A Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kama Volkswagen da lissafin da ke gane lokacin gwajin hayaƙi ya yi ladabi, in an hau hanya ya saki. Kamfanin da bakinsa ya ce motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa.

Ni a ganina, mutum ya gyara motarsa yadda yake so, da saninsa, wannan tsakaninsa da aljihunsa ne, sai dai hayaƙin da yake zuba wa mai tallar ƙosai a tasha shi ma hakki ne. Ɓoyewa ita ce babbar matsala. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya wuce ta babin ciniki, inda aka hana algus da ɓoye aibin kaya, aka kuma ba mai saye zaɓi in ya gano aibin: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Kuma mun san labarin Manzon Allah (SAW) da ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa shi a sama mutane su gani. Jiƙaƙƙen mota yanzu yana cikin akwatin da ido ba ya gani. Dillalin da ya sani ya yi shiru, ya duba la'adarsa da kyau.

Kai kuma mai saye, kafin ka ƙirga jikka ko ɗaya, murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba. Fitilar inji dole ta kunnu, sannan ta mutu bayan an tada. In ba ta kunnu ba sam, wani ya riga ka zuwa wurin. Durƙusa ka duba salansa ko akwai sabon walda a cikinta. Ka biya kuɗin baliz a garajin da kai ka zaɓa, ba na dillali ba. Sannan ka tambaye shi a gaban shaidu biyu ko an taɓa ƙwaƙwalwar, amsar da ya bayar a rubuta ta cikin takardar ciniki.