Wa Ke Duba Lauyan Talaka?



Wani zai yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa tsoma baki cikin aikin lauya. Hanzarina shi ne, shari'a da magana ake yin ta, magana kuwa ita ce gonata. Ban da haka, duk wanda ya fito daga wannan tsohon mazauni na Jami'ar Bayero ya shiga gari ta Ƙofar Kabuga, in ya ɗaga kai zai hangi Goron Dutse. A gindinsa akwai gidan yari, akwai kuma wani a Kurmawa kusa da fada. A ƙasar nan wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a irin waɗannan gidaje ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Akasarinsu ba su da abin ɗaukar lauya. Magana a kan wanda ake ba su kyauta nake so in yi, musamman a kan wanda ya kamata ya tsaya a bayansa, ya duba aikinsa, ya koya masa.

Tsayawa a madadin wani a gaban alƙali ba baƙon abu ba ne gare mu. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu suka karanta, irin su Tuhfa ta Ibn Asim, suna da babin wakilci. Amma lauya irin na Turawa an daɗe ana hana shi shiga kotunan alƙalai a Arewa, sai bayan tsarin mulkin 1979 ƙofar ta buɗe. Hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya kuwa Dokar Soja mai lamba 56 ta 1976 ce ta kafa ta, bayan fafutikar lauyoyi irin su marigayi Chimezie Ikeazor. A 2011 aka sake dokar, aka ce wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba ya cancanci a tsaya masa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma ikon kare kansa ko ɗaukar lauya, ya ce a sanar da shi laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. A takarda dai ba mu da abin kuka.

To, wane ne lauyan da ke zuwa? Sau da yawa yaro ne sabon fitowa daga makarantar lauyoyi, ko ta Bagauda ko wata, wani lokaci ma ɗan bautar ƙasa ne wanda shekara guda kawai zai yi, mai yiwuwa kuma daga Kudu ya zo, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Ban faɗi wannan don raini ba. Na ga waɗansunsu suna hawa A-daidaita-sahu da kuɗin aljihunsu don su je gidan yari. Amma himma daban, sani daban, kuma wanda zai biya kuɗin kuskurensu ba ya cikin ɗakin nan.

Bari in kawo misali daga fagena. A karanta wa mutum tuhuma da Turanci, tafinta ya ce masa, “An ce ka ɗauki akuyar wane, haka ne?” Sai ya ce, “Na ɗauka, ranka ya daɗe.” Tafinta ya juya ya ce ya amsa laifi. Alhali kuwa ɗauka ba sata ba ce. Da an bar shi ya ƙarasa, da ya ce bashi yake bin mai akuyar, ko kuwa kiwo aka ba shi suka yi rigima a kan rabo. Haka kuma Bahaushe in ya tsaya gaban babba yakan fara da “a yi haƙuri”, ko “a yi mini afuwa”, ko da bai yi kome ba, don tarbiyyarsa ta hana shi musu da na gaba kai tsaye. Kunnen da bai saba ba zai ji wannan a matsayin iƙirari. Har “na'am” ma, sau nawa ma'anarta ita ce “ina jin ka”, ba “na yarda” ba? Sabon lauya ba zai koyi wannan a littafi ba. Sai babba ya zauna kusa da shi ran da ya fara ganawa da mai shari'arsa, ya yi shiru ya saurara, in sun fito ya ce masa, “Ka lura da inda ya yi jinkiri? Can maganar take, koma ka sake tambaya.”

Kada a ce wannan ƙaramin abu ne. Safiya Husaini an yanke mata hukuncin jifa a Gwadabawa cikin 2001, Amina Lawal kuma a Bakori cikin 2002, dukansu biyu ba su da lauya a zaman farko. Da aka ɗaukaka ƙara, kotun Sakkwato ta saki Safiya a 2002, ta Katsina ta saki Amina a 2003, kuma hujjojin daga cikin fikihu da dokar jihar aka ciro su. Abin lura gare ni shi ne, ba lauya ɗaya ya yi aikin ba. Taron lauyoyi ne, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, tare da malamai da ƙungiyoyin sa-kai, wannan ya kawo hujja wancan ya auna ta. Waɗannan shari'u duniya ta sa musu ido. Mai akuyarmu kuwa lauya ɗaya gare shi, in ya samu, ba kuma mai duba abin da lauyan ya rubuta.

Sa'ad da nake karatu a Amurka na ga yadda suke fama da wannan matsala. A can, tun 1963 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dole jiha ta ba talaka lauya a babban laifi, bayan wani fursuna a Fulorida, Clarence Gideon, ya rubuto kuka da fensir daga kurkuku. Da aka sake shari'arsa da lauya, sai aka wanke shi. A 1973 wani kwamitin ƙasa ya ba da shawara kada lauya ɗaya ya riƙe manyan laifuffuka fiye da 150 a shekara. Duk da haka ofisoshi da yawa sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. Saboda haka ba na kawo Amurka don ta gama gyara nata ba ne. Abin da na ɗauko shi ne, sun gane cewa aikin farko na shugaban ofis shi ne ya san nauyin da ya ɗora wa kowa, ya kuma iya cewa ya isa. Jaki ma in aka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ba a cewa shi ya zubar da kaya.

A nan ne nake da saɓani da yadda akan duba aiki a ma'aikatunmu. Shugaba yakan tambayi yaronsa shari'a nawa ya gama a wata, ya rubuta a rahoto ya aika sama. To, hanya mafi sauri ta gama shari'a ita ce a lallashi mutum ya amsa laifi. In ƙidaya kaɗai ake yi, an koya wa yaro wannan hanya ke nan ba tare da an furta ba. Tambayar da ta fi ita ce: yaushe ka ga mutumin nan da idonka? Ka nemi beli? Ka je unguwarsu ka nemi shaidu? Fayil ɗinsa yana wurin 'yan sanda ko ya isa Ma'aikatar Shari'a? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin mai babban laifi akan kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumin shari'ar, a tura shi gidan yari jiran shawarar ma'aikata, wata ya bi wata. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, da takwararta ta Jihar Kano ta 2019, sun yi wa irin wannan tsarewa iyaka. Amma doka ba ta tashi da kanta ta je kotu. Sai lauya ya ƙirga kwanaki ya miƙe ya tunatar, sabon lauya kuwa kunya da tsoro sukan hana shi, sai in ya taɓa ganin babbansa ya yi haka cikin ladabi, bai kuma ga sama ta faɗo ba.

Mu Hausawa muna da tsarin horo da ya dace da wannan. Alƙalin da yakan zauna da muhutinsa a gefe shekara da shekaru, yana ji yana rubutu, kafin a ba shi gari. Maƙeri ba ya miƙa wa ɗan koyo guduma ran farko, zuga-zugi yake fara ba shi. Sai dai akwai inda kwatancin ya tsaya. Ɗan koyo ba ya musu da maigidansa, lauya kuwa amanarsa tana wuyan wanda yake karewa. In babba ya ce a sasanta, mai shari'a ya ce bai yi ba kuma ba zai amsa ba, wajibi ne yaro ya iya faɗa wa babba haka, wajibi ne kuma babba ya saurara. Girmama na gaba da na ce yana cutar mai akuya a gaban alƙali, shi ne kuma zai iya rufe bakin lauyansa a ofis.

Saura batun miƙa aiki. Ɗan bautar ƙasa in shekararsa ta cika ya tafi, abin da ya sani game da mutum ashirin ko talatin yakan tafi tare da shi, wanda ya gaje shi ya faro daga “yaya sunanka”. Maganinsa ba ya bukatar kuɗi: kada a sallame shi sai ya kai magajinsa gidan yari ya gabatar da shi ga kowane mutum, a gaban shugaba.

Daga ina za a samo manyan? Dokar 2011 ta ce mai neman muƙamin Babban Lauyan Nijeriya sai ya nuna ya yi shari'a uku kyauta a shekarar da ta gabaci nemansa. Ina ganin da za a nemi kowace ɗaya ya yi ta da ƙaramin lauyan agaji a gefensa, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Mu kuma a Sashen Hausa akwai namu kason. Muna iya zama da Tsangayar Shari'a mu tattara kalmomin kotu da irin maganganun da na ambata, mu horar da tafintoci, mu kuma ba baƙin lauyoyi darasin mako shida kafin su fara shiga Kurmawa da Goron Dutse. Ɗakin karatu muna da shi, malamai ma ga su zaune.