Masarar Dandume Da Cikin Birni

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya tsaya a kasuwar Dandume bayan kaka zai ga manyan motoci suna fita da masara, sun nufi Dawanau ta Kano ko Legas. Masara ta tafi, kuɗinta ya bi ta, daga baya matasanmu su bi sawu.

Wannan ciwo ya daɗe. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ne domin kwashe gyaɗa da audugar ƙasar Funtua zuwa bakin teku, sai ofisoshi da bankuna da manyan asibitoci suka taru inda kaya ke sauka. A Senegal, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasa suna yankin Dakar kaɗai. Mu an mayar da babban birninmu Abuja a 1991, amma ciniki bai bar Legas ba.

To amma kada mu ɗora wa Turawa laifin duka. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu bin Jabal (RA) zuwa Yaman, ya umurce shi ya karɓi zakka daga mawadatansu ya mayar wa matalautansu. A kan haka malaman Malikiyya suka ce a raba zakka inda ta wajaba, sai fa in wani wuri ya fi tsananin bukata. Yau manomi zai girbe buhu ɗari a gonar damina, ushirinsa buhu goma, sai ya aika wa wani babban malami a birni don neman suna, alhali gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi tana kwana da yunwa. Subhanallah! Haka ɗalibin da muka tura karatu: ya sami ilimi, ya ga ƙauye ya yi masa kaɗan, Islamiyyarmu ta zauna ba malami.

Saboda haka, kafin kakar bana, kowace unguwa ta rubuta sunayen mabukatanta ta miƙa wa limaminta. Mai ɗa a birni da ya yi karatun addini ya kira shi ya zo ya karantar, ko da a watan azumi ne.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.